Yadda zaka lallaɓa jijiyar gwiwar hannunka ta warke bayan wasan kayit a teku

Wasan kayit shine wanda mutum yake tsayawa akan allo a saman ruwa, wata ƙatuwar lema tana sama iska na kaɗata tana jansa, igiyoyi huɗu ko biyar masu tsawon wajen mita 20 zuwa 24 sun haɗo lemar da wata 'yar sanda da yake riƙe da ita yana tuƙi. Duk wanda ya taɓa zuwa Paje a Zanzibar ko Dahab da El Gouna a Masar ko Dakhla ko Tarifa ta Sifen ya ga yadda lemomin suke cika sama, har gasar Olamfik ta 2024 ma an saka wasan, a Marseille akayi shi. Toh abin da hotuna basa nunawa shine yawan masu dawowa gida da gwiwar hannu tana zogi, mutum ya kasa ɗaga buta cike da ruwa, a miƙo masa hannu a gaisa yana cije leɓe.

Asalin matsalar daga riƙo ne. A ƙa'ida ƙarfin lemar ba hannu ne yake ɗauka ba, ɗamarar da ke ƙugunka ce, igiyoyin gaba suna wucewa ta tsakiyar sandar su maƙale a ƙugiyar ɗamara, hannu aikinsa tuƙi ne kawai. Amma sabon shiga tsoro yake sa ya damƙe sandar nan da duka ƙarfinsa ya janyota jikinsa, awa uku awa huɗu a haka, gobe ma haka jibi ma haka tunda hutun sati ɗaya ne kuma an biya kuɗin jirgi ba'a so rana ɗaya ta wuce a banza. Hannun da ya shekara ba abin da yake ɗagawa sai waya da linzamin kwamfuta, ina zai iya? Tsoka tana saurin sabawa da aiki, ita jijiyar da ta ɗaure tsokar da ƙashi jini kaɗan take samu, sabonta a hankali ne, warkewarta ma a hankali.

Fara gane wanne ne ya kamaka

Miƙe hannunka tafin yana kallon ƙasa, ka laluba ɗan tudun ƙashin da ke gefen waje na gwiwar hannu ka danna. In nan ne zafin, kuma in ka ɗaga wuyan hannu sama wani yana danne maka shi zafin ya ƙaru ya gangaro sangalin hannu, wannan shine wanda likitoci suke danganta shi da 'yan wasan tanis, jijiyar tsokokin da suke ɗaga wuyan hannu da yatsu ce ta gaji. In kuwa tudun ciki ne, gefen da yake kallon haƙarƙarinka, kuma yana tashi in ka dunƙule hannu ko ka lanƙwaso wuyan hannu ciki, wannan na 'yan golf ne. Masu kayit suna samun kowanne, wani ma duka biyun su haɗe masa a hannu ɗaya. Ba sai ka taɓa ganin teku ba ma, kafinta da makanike da mai daka duk suna fama da irinsa.

Akwai alamomin da in ka gansu ba maganar motsa jiki a gida, asibiti zaka nufa. In lema ta fizgeka kaji wani abu ya ce ɗas a gaban gwiwar hannu, wurin yayi jini ya kwanta, ƙwanjin damtse ya tattare ya hau sama, ka kasa murɗa marfin kwalba, mai yiwuwa jijiyar ƙwanjin ce ta tsinke daga ƙashi kuma wannan aikin tiyata yafi kyau a cikin sati biyu zuwa uku na farko, in aka daɗe jijiyar tana janyewa ɗinkin yayi wuya. Haka in ƙaramin yatsa da na kusa dashi suna sagewa ko kana jin kamar tafiyar kiyashi a cikinsu, wannan jijiyar saƙo ce da ta bi ta bayan tudun ciki aka matse. Haka in gwiwar ta kumbura tayi ja da zafi ga zazzaɓi, ko ta ƙi miƙewa bayan ka faɗi. Waɗannan duk likita.

Satin farko da na biyu

Ka sauka daga ruwa tukuna, eh na sani iska tana kaɗawa abokai suna ta shawagi, amma haƙuri. Sai dai hutun ba wai ka rataye hannu a wuya ka daina amfani dashi bane, a'a, kawai ka cire abubuwan da suke tsokano zafin. Mai ciwon gefen waje ya dinga ɗaukan kaya tafin hannu yana kallon sama, gwiwa a manne da jiki, kar ya ɗaga jaka ko tukunya hannu a miƙe tafi yana ƙasa. Mai na ciki kuma akasin haka yafi masa sauƙi. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 10 zuwa 15 tana rage zogi, wani kuma gashi da ruwan ɗumi yafi masa, duk wanda ya maka daɗi yi, amma ka sani ba ɗayansu da yake ɗinke jijiya, sauƙi kawai suke kawowa. Man shafawa na diclofenac yana taimakawa a kwanakin farko. Ƙwayar ibuprofen kuwa kar ka maida ta abinci, mai olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini ya tambayi likita kafin ya sha, kuma mafi munin abu shine a sha ƙwaya don zafi ya ɓuya a koma ruwa, wallahi lissafin yana nan yana jiranka washegari.

Akwai wani ɗan bel da ake ɗaurawa a sangali kamar yatsa biyu ƙasa da gwiwa, yana rage jan da yake kaiwa wurin ciwon lokacin aiki. Ka saka in zakayi aiki ka cire in zaka kwanta, kar ka tamke shi har yatsu suyi sanyi.

Maganar mai ɗori kuma, wannan ba karaya bace ba gocewar ƙashi bace, babu abin da za'a ja a mayar. Tausa mai sauƙi a naman sangali ba laifi, amma a kama hannu a fizga ko a dinga murza kan ƙashin da ƙarfi da man zafi, ƙara fusata wurin akeyi.

Aikin da yake warkarwa

Nan ne mutane da yawa suke ɓata. Ada ana ɗaukan ciwon a matsayin kumburi, shi yasa ake cewa huta ka sha magani. Amma da aka dinga duba naman jijiyar masu daɗaɗɗen ciwon sai aka ga ba kumburin ne yafi yawa ba, zaren jijiyar ne ya hargitse yayi rauni, kamar igiyar guga da ta fara saɓulewa a bakin rijiya. Hutu zalla zai sa zafi ya lafa, ka ɗauka ka warke, rana ta biyu a ruwa ya dawo sabo fil saboda jijiyar bata ƙara ƙarfin komai ba, ta ma ragu. Abin da yake sa ta sake ginuwa nauyi ne, kaɗan kaɗan, ana ƙarawa.

Matakin farko riƙewa ne ba motsi. Zauna ka ɗora sangali akan tebur wuyan hannu ya leƙo waje, tafi yana kallon ƙasa in na waje ne, yana kallon sama in na ciki ne. Riƙe gorar ruwa ta rabin lita ko lita ɗaya, lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka tsayar da wuyan hannun a miƙe kar ya faɗi, daƙiƙa 30 zuwa 45, ka huta minti ɗaya ka sake, kamar sau biyar. Zaka ji sangalin yana ɗumi yana ɗan rawa, hakan ake so.

In wannan ya zama ba komai sai ka koma saukarwa a hankali. Irin zaman farko zakayi, amma yanzu lafiyayyen hannun ne zai ɗago maka mai ciwon sama, sai ka sake shi ya sauko da gorar shi kaɗai kana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu a ranka, ba sakin faɗuwa ba. Sau 15, zagaye uku. In gorar tayi sauƙi ka cika ta da yashi, daga nan ka koma ƙarfen ɗagawa kilo biyu, uku, haka dai. Sannan ka ɗauko guduma ka riƙe ƙotar, gwiwa a lanƙwashe a jikinka, ka dinga kwantar da kan gudumar dama da hagu a hankali, in tayi nauyi ka matso da riƙon kusa da kan. Akwai kuma wata sandar roba da ake kira FlexBar da 'yan fisiyo, wato masu jinyar gaɓoɓi da motsa jiki, suke bayarwa ana murɗawa a saki a hankali, in babu ka naɗe tawul ka murɗa kamar mai matse wanki.

Ƙa'idar zafi ita ce ginshiƙin duka. In ka auna zafi daga sifili zuwa 10, wanda bai wuce 3 ba lokacin motsa jikin ba matsala bane ka ci gaba. Alƙalin gaskiya shine washegari da safe, don jijiya bata faɗin ra'ayinta nan take sai ta kwana. Ka tashi kaji kamar jiya ko ma da sauƙi, toh nauyin yayi daidai. Ka tashi ɗaukan kofin shayi ya gagara, ka zarce, rage nauyi ko ka tsallake rana ɗaya, ba dainawa gaba ɗaya ba.

Kar ka manta kafaɗa da baya. Ɗaura roba a hannun ƙofa ka dinga ja zuwa ciki kana matse allunan kafaɗa, don in kafaɗa bata da ƙarfi sangali ne yake biyan bashin.

Sai maganar lokaci, wadda ba mai son ji. Ka sa a ranka wata uku kana wannan aikin kafin kace yayi ko bai yi ba. Hukumar lafiya ta Ingila tana cewa irin wannan ciwon yakan ɗauki wata shida har zuwa shekara biyu, amma kusan tara cikin goma suna warkewa cikin shekara ɗaya, ba tare da wuƙa ba. Shan sigari da ciwon suga suna jinkirta abin, shekaru ma haka, 'yan 35 zuwa 50 da ɗoriya sune ya fi kamawa. In ka kai wata uku ba canji ka nemi likitan fisiyo ya duba ko ma daga wuya zafin yake saukowa.

Allura da wani magani da ya kamata ka sani

Za'a iya ce maka azo ayi allurar kotizon, maganin rage kumburi, a wurin, kuma gaskiya cikin 'yan kwanaki zaka ji kamar an cire maka ƙaya. Amma binciken da akayi a Ostireliya aka buga a 2006, da wani a 2013, sun nuna waɗanda akayiwa allurar sunfi samun sauƙi a satuttukan farko, daga baya kuma ciwon yafi dawo musu akan waɗanda ba'ayiwa ba. Ni a ganina mai son ya daɗe yana wasa ya bar allurar nan sai in likita ya ga dalili na musamman. Sannan sifro, wato ciprofloxacin da danginsa da ake saya a kemis kamar alewa da an ce taifod, tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta babban gargaɗi a takardar bayaninsa cewa yana iya raunana jijiya har ta tsinke. In an rubuta maka shi ka faɗawa likita kana jinyar jijiya.

Komawa ruwa

Alamar ka shirya ita ce ka damƙe abu da ƙarfi ba zafi, ka ɗauki jaka mai nauyi, kuma hannun ya kusa kamo ɗan'uwansa a ƙarfi. Ranar farko minti 20 zuwa 30 ya isa, a ruwa kwantacce da iska mai tafiya daidai ba mai fizga ba, ka fito tun kana marmari, ka huta washegari ka saurari hannun. Tsalle da cire ƙugiya daga ɗamara a riƙe lema da hannu zalla, waɗannan su jira ƙarshe.

Kafin ka shiga ma ka duba kayanka. Igiyoyin gaba suna miƙewa da tsufa na baya kuma suna tsukewa, sai lemar ta zama kullum a cike da ƙarfi sandar tayi nauyi, lemar tana neman komawa baya, ɗaure igiyoyin duka a turke ka ja ka gani ko tsawonsu ɗaya. Yawancin lemomi suna da wurin maƙala igiyar tuƙi biyu ko uku a kunnensu, wani yana sa sanda tayi sauƙi wani tayi nauyi, duba takardar kamfanin ka zaɓi mai sauƙin. Kar ka hura lema mita 12 a iskar da mita 9 ta isa, kuma iska mara ƙarfi ma ba hutu bace, don yini zakayi kana kaɗa lemar sama da ƙasa da hannu. Ja igiyar rage ƙarfi har sai ka iya tafiya hannu a ɗan sake gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyinka a jingine cikin ɗamara. Hannaye kusa da tsakiyar sanda, riƙo da yatsu kamar ƙugiya, kana tafiya ka gwada kaɗa yatsunka, in sun ƙi motsi ka damƙe da yawa. A wurare masu sanyi irin Cape Town safar hannu mai kauri tana sa a ƙara matsewa ba'a sani ba, nemi siririya. Famfon hura lema kuma ka tsaya a kansa ka dinga lanƙwasa gwiwar ƙafa nauyin jiki yana dannawa, in akwai na lantarki a wurin hayar kaya ka karɓa, ko ka roƙi abokin tafiya ya hura maka a satuttukan farko.