Jarumin da Ba Ya Gumi: Kurakuran Sabbin Marubutan Labarin Kasada

Na gaji da karanta rubutun da jarumi zai shigo shafin farko ya karkashe mutum arba'in, ko numfashinsa bai sauya ba. Wannan shi ne babban kuskure, kuma ni ma ya taɓa cina. Shekara biyu na yi ina gina wani jarumi wanda ƙarfe ba ya kama shi, tsoro bai san hanyar zuciyarsa ba. Na ba wani abokina ya duba mini. Bayan kwana uku ya dawo da takardun, ya naɗe kusurwar shafin da ya tsaya a babi na huɗu, ya ce, "Ai na san shi zai ci, me zan tsaya jira?" Ranar ban yi barci ba, don gaskiya ya faɗa.

Ku duba tsofaffin jarumai mana. Odisiyus na Girkawa ya yaudari ƙaton nan mai ido ɗaya da cewa sunansa "Ba Kowa", ya tsiyaye masa idon, ya tsira. Da ya hau jirgi sai girman kai ya motsa, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya. Uban ƙaton, wanda Girkawa ke ɗauka mai mulkin teku, ya sa shi gaba. Shekara 10 ya yi kafin ya ga gida, kuma shi kaɗai ya isa, mutanensa duk sun halaka. Robinson Kuruso, wanda ya maƙale shi kaɗai a tsibiri a labarin da ya fito a 1719, ya ɓata watanni yana sassaƙa ƙaton kwalekwale, da ya gama ya kasa jan shi zuwa ruwa. Sawun ƙafa guda ɗaya da ya gani a rairayi ya sa shi gudu ya ɓuya. Amma kai naka jarumin ko tuntuɓe ba ya yi? Haba!

Abin da nake yi yanzu, kafin in fara babi na ɗaya, ina rubuta abu biyu a 'yar takarda in manna a gabana: me yake tsoro, kuma wane hali nasa ne zai ja masa wahala. Sannan duk nasarar da zan ba shi sai na ƙwace masa wani abu, ko doki, ko aboki, ko yatsa.

Kuskure na biyu shi ne ceto daga sama. Ka sa jarumi a rami, ka rasa yadda za ka fito da shi, sai ka jefo wani tsoho da igiya. Wannan ragwanci ne. Sindbad da ya maƙale a tsibiri, rawaninsa ya kwance ya ɗaure kansa a ƙafar tsuntsun nan mai girman gaske. Abin da ke jikinsa ya yi dabara da shi. Ni in na kasa samo mafita daga abin da mai karatu ya riga ya gani, komawa baya nake yi in goge ramin.

Sauran ƙanana ne. Kada ka mai da abokin gaba wawa, kayar da wawa ba abin kirari ba ne. Raunin da aka yi wa jarumi a babi na uku ya ci gaba da ɗingishi da shi a na shida. Abokin tafiya kuwa, in tafi kawai ya iya yi wa maigidansa, cire shi.