Darasi Na Bakwai: Ambaliya da Ciwon da Ke Biyo Bayanta

A watan Satumba na shekarar 2010, Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa. Ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato, har da Goronyo, ya kuma yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Manyan cikinmu ba su manta ba. Abin da aka fi mantawa shi ne, sai ruwa ya fara janyewa sannan ciwo ke shigowa gari.

Ga dalili. Ambaliya takan cika shadda, ta kwashe ƙazantar da ke ciki ta zuba a rijiya. Bayan kwana kaɗan ruwan rijiyar zai kwanta, ya yi garau a ido, alhali ƙwayar kwalara na ciki. Saboda haka duk ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalin. A rufe randa, a ware mata moɗa guda.

Kwalara ba ta jira. Mutum zai kama gudawa fara, kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa har da amai. Idanu su faɗa, fitsari ya ɗauke. Ƙaton namiji yana iya mutuwa cikin sa'o'i, domin ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Maganin farko kuwa yana cikin gidanka.

A sami ruwa mai tsabta lita 1. A zuba sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Cokalin da ake nufi shi ne na shayi, kuma a shafe bakinsa, kada a yi masa tozo. Gishiri in ya yi yawa, cutar da yaro yake yi. A motsa, a riƙa ba mai ciwo kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai sa'a 24 a zubar, a haɗa sabo. Wanda ke da ƙunshin ORS na kemis, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka haɗa, shi ya fi. Uwa kada ta janye wa jariri nono. Masu cewa nono ke ƙara gudawa ba su da gaskiya.

Wannan ruwa ba ya hana zuwa asibiti. Ana ba shi ana tafiya. Ma'aikacin lafiya zai sanar da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda kowace ƙaramar hukuma daga cikin 23 na Jihar Sakkwato ke da shi. Ta haka labari ke kai wa ga ma'aikatar lafiya da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a turo magani tun ciwo bai game unguwa ba. Ɓoye mai ciwo don kunya, jawo wa maƙwabta ne.

In rai ya yi halinsa, a nemi ma'aikatan lafiya kafin wankan gawa, domin ƙwayar tana nan a jikin mamacin. Mai wanka ya sa safar hannu, kuma kada ya taɓa abincin zaman makoki.

Shiri tun watan Mayu ake yinsa, kafin ruwa ya sauka. A sami bokiti mai murfi, a sa ORS, ƙwayar zinc da ake ba yara masu gudawa, sabulu, tocila da gidan sauro, a rataye shi sama. Katin asibiti da na rigakafi a ɗaure su cikin leda. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ajiye rarar maganinsa, don hanya tana iya yankewa. Mai tsohon ciki ta koma wurin dangi kusa da asibiti da zarar an ji gulbi na cika.

Aikin gida: Rubuta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ka manna a bangon ɗaki. Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidanku, da lambar wayar mai babur ko mai mota da zai amsa kira ko da tsakar dare ne.