Yadda ake ƙera laujen yankan shinkafa da sifirin mota

Lauje iri biyu ne manoma ke maidowa maƙera da fushi: wanda bakinsa ya naɗe tun kafin a gama yankan fangali ɗaya, da wanda ya karye gida biyu a hannun mai yanka. Duka biyun a wuri ɗaya aka lalata su, wato wajen ba ƙarfe ruwa, inda ake tsoma shi da zafinsa don ya yi tauri. Yaran da ke koyon ƙira yanzu sun iya bugu, sun iya fitar da siffa mai kyau, amma da an zo wannan gaɓar sai su tsoma ƙarfe a bokitin ruwa, su ji ya yi cuu, su ɗauka aiki ya ƙare. Ga shi kuwa tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun Argungu, Suru, Jega da Yawuri, har ya zama sau biyu ake neman lauje a shekara. 'Yan ƙwadagon da ke yanka tun safe har la'asar ba sa yafe wa maƙerin da ya sa suka rasa yini. Ba zan tsaya kan hura wuta ko riƙon awartaki ba, wanda bai iya waɗannan ba bai kai ga lauje ba tukuna.

Ka fara da ƙarfe. Je wurin 'yan gwangwan ko garejin makanikai ka nemi sifirin ƙaramar mota, fallen da bai wuce kaurin milimita 6 ba. Na babbar mota ya fi arha a kilo, amma gawayin da za ka ƙone kafin ka sirantar da shi zai cinye ribar. Ka goge tsatsar ka duba da kyau, musamman kusa da ramin tsakiya inda ƙusa ke shiga, domin a nan tsohon sifirin ke yin tsaga siririya wadda ba ta bayyana sai bayan ka gama wahala. Yanke wannan wurin ka jefar. Rodin gini ba na lauje ba ne. Wani yakan ɗan yi tauri, wani ko kusa, kuma ba ka da hanyar sanin wanne ka samu sai a gonar mutane. Ƙarfen da aka shafa wa farin sinadari, irin na bututun ruwa, kada ya shiga wutarka ko da wasa, farin hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Gawayi kuwa na ƙirya ne, ba na jayayya a kan wannan. Yana da nauyi, yana riƙe zafi, ba ya cika murhu da toka. Ya yi tsada kuma ya yi wuya, na sani. In ya gagara, na marke yana rufa asiri. Farfasa shi ƙanana, santimita 2 zuwa 3, don wuta ta rungume ƙarfen ta kowane gefe.

Gasa sifirin ka datse da kurfi, ka fitar da yanki mai tsawon kamar santimita 20 da faɗin yatsa biyu. Fara da wutsiya, wato ɓangaren da zai shiga ƙota: ja ta da masaba ta yi tsawo, ta sirance, ta zama mai kusurwa huɗu don kada ta riƙa juyawa a cikin itace. Inda wutsiya ta haɗu da ruwan laujen kada ka bar lungu mai kaifi, ka bar shi a zagaye, domin tsaga daga irin wannan lungun take farawa. Sannan ka juya ka ja ɗaya ƙarshen zuwa tsini.

Sifirin ba ya son bugun sanyi. Bugi ƙarfen yana ruwan lemo, da ya sauko zuwa ja mai duhu ka maida shi wuta. Abin da maigida ya fi faɗa wa yaronsa a maƙera ke nan: "Kai, aje masabar nan, ba ka ga ya mutu ba?" Ɗaya gefen kuma, in ka bar mai zuga yana ta danna zugazugi, ko yana ta murza fankar nan mai wilin keke yana hira, har ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi, to ya ƙone, kuma ƙonannen ƙarfe ba ya gyaruwa. Sai dai a yanke wurin.

Akwai abin da ke rikita sabon hannu wajen lanƙwasa. Duk gefen da ka buga ya yi siriri, tsawonsa ƙaruwa yake yi, sai ƙarfen ya karkata ya guje shi. Shi kuwa lauje bakinsa a cikin lanƙwasa yake, saboda haka kana fitar da baki yana buɗewa yana neman miƙewa. Maganin shi ne ka lanƙwasa shi fiye da yadda kake so tun farko, sannan ka fitar da bakin, kana yi kana gyarawa a kan wani kewayayyen ƙarfe ko ƙahon uwar maƙera. Yi gyaran da guntun itace mai nauyi maimakon masaba, don kada ka dagargaza bakin. In cikin ya tattare, kwantar da shi ka daddale. Kada ka kai bakin ga kaifi yanzu. Bar masa kaurin kamar milimita 1, in ba haka ba wuta za ta cinye shi, ko ya murɗe a cikin mai. Mai son haƙora yanzu ne zai sassara su da ƙaramin kurfi. Ni ban cika so ba, manomi ba ya iya wasa mai haƙora a kan dutse a bakin gona.

Kafin ka ba shi ruwa, gasa laujen ya yi ja, ka rataye shi a iska ya huce da kansa har ya yi baƙi. Maimaita sau biyu ko uku. Wannan yana sassauta gajiyar da bugu ya tara a cikin ƙarfen, yana kuma rage murɗewa. Masu sauri suna tsallake shi saboda gawayi, daga baya su yi asarar laujen dungurungum.

To, yanzu ga inda ake faɗuwa.

Na farko, kada ka yi wannan aikin da rana tsaka a fili. A cikin hasken rana, ƙarfen da ya riga ya wuce kima sai ka gan shi kamar bai yi ja ba. Shiga inuwa sosai, ko ka jira gab da magariba. Nemi maganaɗisun tsohuwar lasifika ka ɗaure shi a jikin waya. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius, kuma abin da kake nema ɗan sama da haka ne kaɗan. Gasa a hankali, gadon bayan laujen yana ƙasa wajen wuta, kana ja kana turawa don zafin ya daidaita daga gindi zuwa tsini. Tsinin ya fi saurin ɗaukar wuta, don haka ka bar shi a waje sai can ƙarshe. Taɓa da maganaɗisu. Da ya daina kamawa, maida shi wuta ka ƙirga biyar, ka fitar. In wani wuri ya yi ja wani wuri duhu, kada ka tsoma. Wurin duhun ba zai yi tauri ba, kuma a iyakar su biyun zai karye.

Na biyu, a mai ake tsoma sifirin. Dattawa sun saba da ruwa saboda ƙarfen da suka tashi da shi ya fi laushi, yana jure wa ruwa. Sifirin mota ba haka yake ba, ruwa yana sanyaya shi da gaggawar da ta fi ƙarfinsa. Wani lokaci kana ji da kunnenka ya yi ƙas a cikin bokitin, wani lokaci kuma ba za ka ji komai ba sai laujen ya haɗu da kututturen ƙasa a gona. Man gyaɗa ya fi kyau, ko da wanda aka gama suya da shi ne, a tace. Baƙin man mota shi ne na talaka kuma yana yi, sai dai hayaƙinsa guba ne, ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Zuba man a gwangwanin ƙarfe mai zurfi da murfi a kusa, ba roba ba, kuma ka tabbata babu ɗigon ruwa a ciki. Jefa wani guntun ƙarfe mai zafi ya ɗumama shi tukuna, domin mai ɗumi ya fi mai sanyi tsinkewa, ya fi kama jikin ƙarfe. Daga wuta zuwa mai kada ka tsaya kallo. Shigar da bakin farko, ka riƙa motsa shi gaba da baya ta hanyar da yake yanka. In ka kaɗa shi gefe da gefe zai fito a karkace. Wutsiyar ta tsaya a waje, ba a son ta yi tauri. Wuta za ta tashi a saman man, kada ka firgita ka fizge hannu, in ta yi yawa murfi ke kashe ta.

Fitar da shi ka goga magagari a bakin. In ya zame yana ƙara bai ci ba, ya yi tauri. In ya ci, zafin bai kai ba, sake daga farko.

Na uku shi ne wanda yara ba sa yi sam. Laujen da ke hannunka yanzu kamar kwalba yake, in ya faɗi a kan uwar maƙera zai iya tarwatsewa. Dole a rage masa taurin, kuma yanzu-yanzu, ba gobe da safe ba, domin yana iya tsagewa shi kaɗai a ajiye. Goge man, ka murza gefe ɗaya da dutse ko takardar yashi har farin ƙarfe ya fito. Gasa wani ƙaton ƙarfe ya yi ja, ka ɗora gadon bayan laujen a kansa, bakin yana sama. Zuba ido. Launi zai fara tafiya daga baya zuwa baki: da farko ruwan ƙaiƙayi, a wajen digiri 230, sai ruwan ƙasa, sai ruwan makuba a wajen 280, sai shuɗi a wajen 300. Aska da wuƙar fawa a ruwan ƙaiƙayi ake tsayar da su. Lauje kuwa yana karo da ƙasa da tsakuwa, don haka ka bari bakin ya kai ruwan ƙasa mai duhu zuwa makuba, gadon bayan kuma ya zama shuɗi, sannan ka tsoma a mai ka tsayar da shi. Ka riƙa juya shi a kan ƙarfen saboda lanƙwasar ba ta zama gaba ɗaya, kuma ka lura da tsinin, launi yana gudu a wurin cikin ƙiftawar ido. In bakin ya wuce shuɗi ya koma toka-toka, taurin ya tafi, sai ka koma wajen maganaɗisu. Akwai gajeriyar hanya: a shafa mai, a riƙe a saman garwashi har man ya kama wuta ya cinye. Tana fitar da lauje mai jure wahala, amma bakinsa ba ya daɗewa da kaifi, kuma ba ka ganin abin da kake yi. In kana da guda talatin ranar jajibirin kasuwa, na fahimce ka.

Saura ƙota. Marke ko aduwa, busasshe. Huda da siririn ƙarfe mai zafi, ka naɗe ruwan laujen da jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗan gasa ƙarshen wutsiyar ka tura ta zauna. Sa zoben ƙarfe a wuyan ƙotar don kada ta tsage, in wutsiyar ta ɓullo ta baya ka tanƙwara ta. Wasa a kan dutse da ruwa. In injin gurza za ka yi amfani da shi, taɓa kaɗan ka tsoma a ruwa, da ka ga bakin ya yi shuɗi ka ƙone aikinka. Kafin ka kai kasuwa, sari busasshen kara da shi sau da yawa, ka duba bakin a haske, ka shafa masa ɗan mai saboda tsatsa.