Kurakuran sabbin mahaya keke a Yamai, har da waɗanda ni ma na biya kuɗinsu

Ranar Lahadin da ta wuce, a gindin gadar Kennedy ta wajen Harobanda, na tarar da wani saurayi tsugune gaban kekensa. Sarƙa ta zame, hannuwansa sun yi baƙi ƙirin, ƙarfe goma sha ɗaya saura, kuma ko ledar ruwa ɗaya babu a tare da shi. Na ce, ƙanena, ina aka nufa? Ya ce Say. Say fa, mai nisan kilomita hamsin da ɗoriya, a wannan rana! Na gaji da maimaita magana ɗaya a fada duk lokacin da wani ya sayo keke, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba mai tsere ba ne. Da keke nake zuwa aiki, da shi nake cefane, ranar hutu kuma in zaga bakin kogi. Abin da zan faɗa ɗabi'ata ce, wanda yake da wadda ta fi ta sai ya riƙe tasa.

Na fara da rana, don ita ce ta kusa kai ni lahira.

Wata Laraba ce cikin watan Afrilu, ranar kasuwar Bubon. Na yi niyyar fita bayan asuba, sai na tsaya jiran wani aboki da a ƙarshe bai zo ba, ban bar Yantala ba sai ƙarfe tara da rabi. Guzurina gorar ruwa ɗaya ta rabin lita. Zuwa lafiya lau, kilomita ashirin da ƴan kai ba komai ba ne ga mai jini a jika. Na zaga wajen masu tukwane, na ci kifi, na ɗauko hanyar gida bayan azahar. Ban yi nisa ba kai ya fara sara. Sai sha-raɓa ta ɗaure. Abin da ya kamata ya tsorata ni shi ne sanyin da na ji ya ratsa ni, tsigar jikina ta tashi, alhali kwalta tana tururi. Ni kuwa sai na ce a raina ai sauƙi ne ya zo, na ƙara taka feda. Abin da na iya tunawa bayan nan, ina kwance gindin dogon yaro, wata tsohuwa tana kwara mini ruwa a ka tana magana da Zabarmanci, ba abin da nake ganewa sai "hari, hari". Wani mai mota da ya taso daga kasuwa ne ya ɗora ni a baya, ni da keken. Leda biyu ta ƙarin ruwa aka yi mini, na yi mako ban je aiki ba, iyali kuwa har yau in na taɓa keke da hantsi sai an harare ni.

Ku ji da kyau, ku masu cewa ai mu ƴan ƙasa ne, mun saba da rana. Ba wanda ya saba da ita. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40 kusan kullum, wata rana ya doshi 45, kuma mai tuƙa keke a irin wannan zafi yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya, ko fiye. Mugun abin shi ne ba ka ganin gumin. Iska busasshiya ce, tana shanye shi tun bai jiƙa riga ba, sai dai ka ga farin gishiri a kafaɗa. Kafin ƙishirwa ta yi maka sallama, jiki ya riga ya ci bashi. In kuwa ka kai ga jiri da ruɗewa da jin sanyi cikin rana, ba gajiya ba ce, zafin jiki ne yake neman wuce abin da ƙwaƙwalwa za ta ɗauka, kuma yana kisa. Sauka, nemi inuwa, jiƙa jikinka duka, a kai ka asibiti. Jarumta a nan wauta ce.

Tun daga ranar, daga Maris zuwa faɗuwar damina, ina idar da asuba nake fita, kuma ƙarfe tara da rabi a gida take samuna. Gora biyu nake ɗauka, lita ɗaiɗai. Ɗaya ruwa zalla, ɗaya kuma irin haɗin da ake yi wa yaro mai zawo: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita. Kowace gora ina zura ta cikin tsohuwar safa jiƙaƙƙa, iskar tafiya ta sanyaya ta kamar randa. Ina kurɓa duk bayan kwatan awa ko ban ji ƙishi ba, dabino kuma ba ya rabuwa da aljihuna. In na dawo na ga fitsari ya yi ja kamar shayin farko, na san na yi sake. Da azumi ba na doguwar tafiya sam, sai ɗan zagaye gab da magariba.

A hunturu kuma, fara tafiyarka kana fuskantar iska, ta turo ka a dawowa lokacin da ƙafa ta mutu.

Kuskure na biyu bai kai ni asibiti ba, aljihuna ya huda, kuma shi ya fi ba ni haushi don kowa yana yin sa yana ganin gata ya yi wa keke: baƙin mai a sarƙa. Wannan man da aka juye daga inji, da ake samu kyauta a kowane gareji. Shekara guda cur ina tsiyaya wa sarƙata shi duk Juma'a har yana ɗiga, ina jin daɗin ta yi shiru. Garinmu garin rairayi ne. Mai kauri yana kama ƙura kamar yadda zuma ke kama ƙuda, ga shi dama cike yake da garin ƙarfen injin da ya fito. Su haɗu su zama wani kwaɓi mai gurza, ya shige tsakanin gaɓoɓin sarƙa, kana tuƙi yana niƙa. Abin da ake cewa sarƙa ta miƙe, ba miƙewa ta yi ba, ƴan ƙusoshin cikin gaɓoɓin ne suka cinye. Sarƙar da ta cinye kuma ba ta mutuwa ita kaɗai, sai ta feƙe haƙoran baya da na gaba su koma kamar ƙayar kifi.

Ranar da abin ya fashe, ina hawan tudun da ke tasowa daga bakin kogi zuwa Filato, na miƙe tsaye na danna feda, sarƙa ta tsallake haƙori, na sauko da dukkan nauyina kan ƙarfen tsakiya. Maza sun san abin da nake nufi. Na turo keken har Katako wajen wani dattijo mai gyara. Ya shafa sarƙar da yatsa, ya murza, ya miƙo mini yatsan.

"Ɗana, ji nan. Me ka ji?"

Na ce, "Yashi, Baba."

"To da shi kake ciyar da ita. Jakin da ake ba ƙasa maimakon dusa, kwana nawa zai yi?"

Sarƙa, haƙoran baya, farantin gaba, duka aka canza. Kuɗin ya kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da na sayi keken. Shi ya koya mini awo: a sabuwar sarƙa, daga ƙusa ɗaya ka ƙirga gaɓa 24, tsawonsu santimita 30 da rabi ne. In ya ƙaru da kamar milimita biyu, canza sarƙar tun ba ta ci maƙwabtanta ba. Sarƙa ita kaɗai arha ce.

Yanzu duk sati biyu ina wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, in bar ta ta bushe, in ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, in juya feda baya sau ashirin, sannan in sa tsumma in goge har ta zama kamar ba a sa komai ba. Man da ke aiki yana ciki, na waje kiran ƙura kawai yake. Abokaina na cewa man ɗinki ya cika ruwa, ba ya daɗewa. Gaskiyarsu, shi ya sa nake maimaitawa. Kuma don Allah a daina kai keke wajen wankin mota ana fesa masa ruwa mai ƙarfi. Yana ƙyalli, amma ruwan ya kori giris ɗin da ke cikin cibiyar ƙafafu, bayan wata ɗaya ka ji yana kuka.

Sauran ba su kai waɗannan tsada ba, amma kullum sai na gan su. Sirdi a ƙasa, mutum yana tuƙi gwiwa na neman haɓa, wai don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa. Ɗaga shi: ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak, nan ne wurinsa, ciwon gwiwar nan zai tafi. Taya ba iska ita ke sa ka faɗa rami bakin ƙarfe ya tsunkule robar ciki, ka ga huji biyu jere kamar saran maciji. Matsa ta da babban yatsa kowace safiya. In mai faci ya gama, kafin ya mayar, ka sa ya shafa cikin tayar da hannu, don ƙayar tsidau ko ta aduwa tana nan maƙale tana jiran sabon facin. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ta inda ake ɗaure ta dama, kada ka hau sifana da ƙafa kana zagin maƙerin.

Sai masu sayen keke da ido. Yaro ya ga hotunan Tour du Faso, gasar da Burkina take yi tun 1987, sai ya je ya kwaso keken tsere mai taya siririya kamar tsinke, alhali daga ƙofar gidansu a Talaje ko Banifandu zuwa kwalta rairayi ne zalla. Rabin tafiya turawa yake. Wannan keken na mai bin hanyar Kollo ne da sassafe, ba na mai zuwa Wadata sayen albasa ba. Ga zirga-zirgar gari, taya mai faɗi da kariyar ɗora kaya a baya sun fi giya ashirin da ɗaya da rabinsu ba sa shiga. In na hannu za ka saya, juya shi ƙafa sama, duba wajen walda ko akwai tsaga, kaɗa ƙafafun ka ga ko suna rawa. Sabon fenti a tsohon keke, ni tsoro yake ba ni.

In ka shiga rairayi, kada ka taɓa birkin gaba, kada ka murɗa kai. Koma baya kan sirdi, sa giya mai sauƙi, ci gaba da taka feda.

Maganar titi kuwa sai na ɗaga murya. Wane ne ya gaya muku mai keke ya bi hannun da motoci ke tahowa, wai don ya riƙa ganinsu? Direban da zai fito daga lungu hagunsa yake duba, ba ya tsammanin kowa daga dama, sai ku haɗu. Dama ake bi a ƙasar nan, kai ma bi dama. Taksi da faba-faba, wato ƙananan bas na haya, suna tsayawa duk inda aka ɗaga musu hannu, ba sigina ba komai, saboda haka bar tazara, yatsu biyu kan birki. Babbar mota kuwa, kada ka kuskura ka kutsa ta damanta a shataletale ko mararraba. Direban ba ya ganinka, kuma in ta karya kwana ƙafafun baya suna yanke hanya su bi ta inda kake tsaye. Gadar Kennedy tun 1970 take, ƙunci gare ta, ga babura ga amalanke, wani lokaci har raƙuma. In ba sauri nake ba, na fi son in zagaya ta gada ta biyu, wadda ƴan Sin suka gina.

Fitila ja a baya, fara a gaba, in za ka kai magariba. Babbar riga a naɗe ta, ƙafar wando ta dama a cusa cikin safa. Abin sauraren waƙa a cire shi daga kunne. Hular kwano ina sawa, ana yi mini dariya a fada, na bar su da dariyarsu. Kwaɗo kuma a haɗa da jikin keken da wani ƙarfe kafaffe, ko da raka'a biyu za ka shiga yi.

Kuskure na ƙarshe ba ya jawo rauni, keke kawai yake sa a jingine: a ɗauka sai an yi nisa ake jin daɗi. Sabon mahayi ya yi kilomita arba'in ranar farko, ya kwana uku ba ya iya zama, shi ke nan keke ya koma shanyar kaya. Bi hanyar bakin kogi ta Yantala ko ta Gamkalle bayan la'asar, ka ratsa ta gefen lambuna, ka tsaya kallon masu kwalekwale, ka sayi latas da tumatir ka ɗaure a kariya. Rabin awa ya isa a makon farko.

Saurayin gada dai na mayar masa da sarƙa, na saya masa ruwan leda biyu, na juya shi gida. Na ce in da gaske yake ya same mu Lahadi mai zuwa ƙarfe shida a wurin. Ya ce, "Yaya, shida na safe?"