Yadda Ake Gane Tayar Filin Tsere da Ta Mutu Alhali Zanenta na Nan

Shekara shida ke nan ina kai motata, Renault Mégane R.S., filin Brands Hatch da ke Kent a kudancin Ingila, a irin ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida su shiga su sake ta ba tare da gasa ba. A tsawon wannan lokaci babu abin da ya ci kuɗina kamar taya, kuma babu abin da na daɗe ban gane ba kamar wannan: tayar filin tsere tana iya mutuwa zanenta na nan raɗau.

A kwanar Clearways ta wannan filin na koyi darasin. Na sayi tayoyi huɗu na hannu a wajen wani mutum, zanensu milimita 4 da 'yan kai, kuɗinsu bai kai rabin na sababbi ba. A zagaye na uku na shiga kwanar da gudun da na saba, na murza sitiyari, mota ta ce ba ta san zancen ba. Gabanta ya miƙe kamar a kan laka, sai ga ni cikin tsakuwa. Allah Ya taƙaita, ban daki komai ba. Da aka janyo ni, wani dattijon bakanike ya tsuguna ya danna farcensa a robar, ko shaida bai bari ba. Ya ce robar ta daɗe da dahuwa. Ashe kyan ɗan maciji na saya.

Ga abin da ke faruwa. Duk lokacin da taya ta ɗauki zafi sosai sannan ta huce, robar takan ƙara tauri kaɗan, man da ke ba ta laushi kuma ya ragu. Kamar fata ce da ake jiƙawa ana shanyawa a rana, kowane zuwa sai ta ƙara ƙandarewa. Danƙon nan da ke sa ta cizon kwalta shi ke tafiya, kuma ba ya dawowa. Tayar da aka yi wa roba mai laushi ita ta fi saurin wannan tsufa. Duba gefenta za ka ga kalmar Treadwear da lamba: Michelin Pilot Sport 4S ta kan titi 300 ce, Yokohama A052 200, Pirelli Trofeo R kuwa 60. Ƙaramar lamba, roba mai laushi ke nan mai gajeren kwana. Sai dai kowane kamfani shi ke sa wa tayarsa lambar, don haka kada ka gwama na wannan da na wancan kamar ma'auni ɗaya ne.

To abu na farko, ka riƙa ƙirga. Ina da ƙaramin littafi a aljihun ƙofar mota, duk fitar minti 20 da na yi na dawo taya ta huce, sai in ja layi ɗaya. A rana guda nakan ja biyar ko shida. A motata, fitowar farko-farko ita ce ta jin daɗi, daga nan cizon ya ɗan sauka ya zauna, sai can wajen layi na 20 in fara jin gaba yana turjiya a kwana, birki yana neman ƙarin wuri, agogo kuma yana nuna na rasa kusan daƙiƙa ɗaya a ƙaramin zagayen Brands Hatch mai kilomita 1.9. Motarka za ta ba ka nata lissafin, gwargwadon nauyinta da yadda kake tuƙi, amma sai ka rubuta za ka san shi.

Farce yana aiki, amma na'urar auna taurin roba ta fi shi gaskiya, kuma ba ta da tsada. Auna taya tun tana sabuwa, a sanyi, ka rubuta. Duk aunawar da za ka yi daga baya ta kasance a sanyi irin wannan, don roba mai ɗumi takan nuna laushin ƙarya. In lambar ta haura da maki biyar ko fiye, ni dai nakan daina yarda da ita a kwana mai gudu.

In ta hannu za ka saya, nemi lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan ko a wajen mai faci a Kano kake zaɓen 'yar Beljiyam zai yi maka amfani. Tambayi mai ita sau nawa ta shiga fili. In ya fara kame-kame, bar masa kayarsa.

Raguwar zane ita kaɗai ba ta hana cizo a busasshiyar kwalta. Hasali ma gajeren zane ba ya lanƙwasa a kwana, shi ya sa a Amurka wasu ke aske sabuwar taya kafin gasa. Ruwa ne ke sauya labari. Tayoyin filin tsere da milimita 5 zuwa 6 suke zuwa, ta gida kuwa wajen 8, don haka tun suna sababbi ba su da hanyar korar ruwa sosai. Da zarar sun sauka ƙasa da 3 aka yi ruwa, mota sai ta hau kan ruwan ta yi iyo, sitiyari ya zama hoto. Ka tuna kuma da su za ka koma gida. Dokar Birtaniya milimita 1.6 ce, tarar tana iya kaiwa fam 2,500 da maki uku na laifi a lasisi kan kowace taya.

Wajen dubawa, kada ka tsaya a tsakiya. Brands Hatch dama ake kewaya shi, yawancin kwanoninsa na dama ne, nauyi duk yana komawa ƙafar gaba ta hagu. Kafaɗarta ta waje takan suɗe tun tsakiya na da sauran rai. Murɗe sitiyari har ƙarshe ka leƙa ciki ma, ka shafa da tafin hannu. In ka ji wani wuri ya baje, birki ne ya taɓa kulle ta ta ja ƙasa. In ka ga ƙuraje kamar na ƙuna, zafi ya yi mata yawa. 'Yan dunƙulen roba da ke manne a jiki kuwa ba komai ba ne, tsince-tsince ne daga kwalta. Lokacin hutun rana nakan sauya musu wuri, gaba ta koma baya. Amma duba gefe tukuna: mai kibiya hanya ɗaya take juyawa, ba a kai ta ɗaya ɓangaren sai an cire ta daga rim an juya.

Iska ita ce ke tsawaita kwanan taya ko ta gajarta shi. Zafi na ƙara ta, don haka da zafi ake aunawa, da zarar ka tsaya. Ni nakan fita da wajen 1.8 a ma'aunin iska na bar a sanyi, in nemi 2.2 da zafi, abin da ya haura in sace shi. Zagaye biyun farko a hankali, ba hawa kan gefen kwana, har iska ta taso. Zagayen ƙarshe ma a hankali, ta huce tana tafiya. Kafin ka kama hanyar gida, mayar da iskar yadda kamfanin motar ya rubuta.

In hunturu ya shigo nakan kwance su, in wanke, in sa kowacce a baƙar leda in ɗaure, in jera su a ɗaki mai duhu cikin gida. Gareji mai ƙanƙara yana iya tsattsaga irin wannan roba, rana da injin lantarki a kusa ma suna busar da ita. Wadda kuwa na ga ko zare ɗaya na waya ya leƙo a kafaɗarta, a ranar nake tsaga gefenta da wuƙa kafin in kai ta wurin masu tattarawa, don kada wani ya tsinta ya sayar wa wani.