Yadda Za Ka Gane Gatse Idan Kana Karatu

Yaro ya taho a guje da kofi a hannu, ya faɗi ya fasa shi, uwar ta kalle shi ta ce "sannu da aiki, ka kyauta." Ko shi yaron ya san ba yabonsa ake ba. To wannan shi ne gatse, baki ya faɗi abu amma kishiyarsa ake nufi.

A magana abin da sauƙi saboda kana jin murya kana ganin fuska, a rubutu ne ake shan wahala don takarda ba ta harara. Shi ya sa in ka ci karo da jimlar da ta yi maka wani iri, kar ka wuce, koma baya kaɗan ka duba me ya faru kafin a faɗe ta, wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma yaya tsakaninsu yake. In yabon ya yi yawa alhali abin da aka aikata bai kai ba, ko an yi godiya a inda ya kamata a yi fushi, to akwai magana a ƙasa.

A 1729 marubuci Jonathan Swift ya yi rubutu yana ba talakawan ƙasar Ayilan "shawara" su sayar da jariransu a matsayin abinci ga masu kuɗi, har da lissafi tiryan-tiryan, kuma duk don ya tona rashin imanin da ake nuna wa talakawan ne. Wanda ya karanta a zahiri kawai sai ya ce mutumin ya haukace.

Wani gatsen kuma ba a baki yake ba, a ginin labarin yake, kuma wallahi shi ya fi kama ni. Kai mai karatu ka san abin da jarumin bai sani ba. A wasan kwaikwayon Sophocles, marubucin tsohuwar Girka, Sarki Oedipus yana tsine wa wanda ya kashe tsohon sarki yana nemansa ruwa a jallo, alhali shi ne da kansa. Nan sai ka riƙa tambayar kanka me na sani wanda wannan bawan Allah bai sani ba.

Kar dai ka haɗa shi da habaici. Mai habaici sunan mutum yake ɓoyewa, mai gatse kuwa ma'anar yake juyawa, kuma yana iya yinsa ido da ido.