Yadda nake girka wa Baba tun da ciwon suga ya kama shi

Ranar da likita ya gaya wa Baba yana da ciwon suga, tambayarsa ta farko ita ce: "To, tuwon fa?" Ni kuwa da zafin kaina na kwashe tuwo daga gabansa, na koma dafa masa kabeji. Kwana uku aka tsegunta mini ana ganinsa wajen mai waina bayan sallar asuba.

Don haka kada ki raba mutum da abin da ya saba, rage masa za ki yi. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, ganye ya cinye rabin kwano, sauran gurbin wake ne ko kifi ko ƙwai.

Sai batun surfe. Dusar nan da muke zuba wa awaki, a cikinta yawancin maganiziyam na hatsi yake. Wannan sinadari yana taimaka wa insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, wajen aikinsa, kuma idan suga ya hau, jiki na zubar da maganiziyam ɗin ta fitsari. Yanzu dawa ko gero nake wankewa, in shanya, in kai niƙa ba surfe. Tuwon kan yi duhu, Baba ya yi mita sati guda, ya haƙura. Wake, gyaɗa, riɗi da alayyahu duk suna da maganiziyam. Kwaɗon zogale da ƙuli kuwa ba sai an roƙe shi ba, sai dai ban da barbaɗa sukari.

Gishiri ne ya fi ba ni wahala, ga shi hawan jini abokin tafiyar suga ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ki lissafa har da dunƙulen magi, har da kanwar da ake jefa wa wake, don ita ma tana da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Na rage su, na ƙara daddawa, citta da tafarnuwa.

Idan gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu, ki tambayi likita kafin ki yawaita ganye, wake da ayaba, saboda fotasiyam ɗinsu na iya taruwa a jini. Ƙwayoyin ƙarin sinadarai na kemis ma kada ki saya da ka.

Duk sabon girki, nakan gwada sugansa awa biyu bayan ya ci, in rubuta a littafin da muke kai wa likita.